Ruwan da Baba Ya Zubar

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Baba, mahaifin maigidana, ya riga mu komawa ranar wata Talata da hantsi, a wani asibiti a nan Kuala Lumpur, nesa da garin da ya yi wa aiki tsawon rayuwarsa. Ciwon zuciya ne ya kawo shi wurinmu, shi ne kuma ya zama ajalinsa. An yi masa sutura bayan la'asar. Ni suruka ce, akwai waɗanda suka fi ni cancantar yin magana a kansa. Amma watanninsa na ƙarshe a hannuna ya yi su, ni nake ba shi magani, ni nake raka shi duk inda za shi, kuma ina tsoron in na yi shiru abin da na gani zai bi shi.

Ranar zaman makoki falonmu na Sri Petaling ya cika da ɗalibai 'yan gida da matansu. An yi addu'a, sai wani abokin karatun maigidana ya ce, “Wallahi ranar da Baba ya zo gidanmu, bai zauna ba sai da ya leƙa banɗaki. Ya fito ya ce mini, Malam, digiri na uku kake yi, amma bokitinka a buɗe.” Mutane suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Kusan kowa a ɗakin nan an taɓa leƙa masa banɗaki.

Daga gida kuma ƙanwar Baba ta kira. Ta yi kuka, ta share, sannan ta ce wata tsohuwa ta zo gaisuwa tana dogara sanda, ta ce a rubuta cewa ta yafe masa randar da ya fasa mata tun tana amarya. Ta yafe, in ji ta, amma randar mai kyau ce.

Can sai ga wasu mutane sun yi sallama, maza uku sanye da zane ɗaure a ƙugu, da mata biyu. Matar wani ɗalibi ta matso kusa da ni ta ce, “Anti, waɗannan fa? 'Yan Indiya ne?” Na ce mata maƙwabta ne, 'yan Rohingya. Suka zauna, ba su jin Hausa, mu ba ma jin nasu, suka ɗaga hannu aka shafa tare. Ƙaramar tsohuwar da ke cikinsu ita jikokinta suke kira Nani, wato kaka. Ita ce mutum ta ƙarshe da Baba ya yi rigima da ita a duniya.

Baba duba-gari ne. Yaran yanzu ba su san su ba. Ma'aikatan tsafta ne da suke shiga gida-gida, su duba shadda, su duba kwata, su buɗe randa. In sun ga tsutsar sauro sai a zubar da ruwan, wani lokaci har randar ta tafi. Ya yi ritaya tun kafin a kawo ni gidan, amma aikin bai yi ritaya daga jikinsa ba. Kalmarsa ɗaya ce, “Buɗe mu gani.” Tukunya, jaka, kwalin magani, har maganar mutum, in bai gamsu ba sai ya ce a buɗe mu gani. Shekarata tara da aure, 'ya'yana biyu, amma har ya koma ga Allah Amarya yake ce mini.

Zuwansa ƙasar nan kamar an saki yaro a kasuwa ne. Me ya sa kwatocinsu suke da zurfi haka? Ina ruwan saman nan na kullum yake zuwa? Wa yake kwashe shara, sau nawa, ina ake kai ta? Ni da na iya Malayancin cefane kawai, ni ce tafinta. Na sha kunya a hannunsa. Ya taɓa sa ni tambayar mai wani kedai, wato shagon shayi, a ina yake wanke kofuna, mutumin ya ɗauka ma'aikacin gwamnati ne, ya ƙi karɓar kuɗin shayi.

Muna hawa na farko, su Nani suna ƙasa, daidai ƙarƙashinmu. Likita ya ce Baba ya riƙa takawa a hankali kowace safiya, sai ya zama kullum yana wucewa ta ƙofarsu. A bakin ƙofar nan akwai jerin bokitai, da robobin fenti, da tsohuwar tukunya, da wani tulu na ƙarfe mai siririn wuya, duk cike da ruwa. Ya daɗe yana kallonsu yana haɗiye magana.

Sai zazzaɓin dengi ya shigo benenmu, wanda sauro mai zane a ƙafa yake kawowa. Aka kwantar da mutum biyu. Aka liƙa takarda a gindin matattakala cewa a cikin makon ma'aikatan lafiya za su bi gida-gida, wanda aka samu tsutsar sauro a wurinsa za a rubuta masa tara.

Ga mu, tara ce kawai. Ga su Nani, ba haka ba ne. 'Yarta, wadda take fige kaji a kasuwa, ta taɓa gaya mini cewa ita kaɗai ce mai katin 'yan gudun hijira a gidan. Uwar da mijin suna jira har yanzu. Gidan ma da sunan ubangidanta na kasuwa aka kama shi, kuma mai gidan bai san mutum bakwai ne a ciki ba. In aka zo rubuta takarda, da sunan wa za a rubuta? Za a ce a kawo shaida ko ba za a ce ba? Babu wanda ya sani, kuma babu wanda yake so ya gwada. Na gaya wa Baba wannan da kaina. Daga baya na yi ta tunanin ko da na yi shiru.

Washegari ya leƙa bokitan, ya ga abin da yake tsoro. Ya yi wa Nani sallama, ya nuna mata ruwan, ya kwaikwayi sauro da yatsa, ya nuna kwata. Ta gyaɗa kai, ta koma ciki. Kwana ya kewayo, bokitai suna nan yadda suke.

Ina wanke-wanke na ji ruwa yana kwarara a ƙasa kamar an fasa bututu. Kafin na sauko ya gama. Ya zubar da duka, yana tsaye yana haki, bakin wandonsa a jiƙe. Nani ta fito. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki tulun nan mai siririn wuya, ta leƙa cikinsa, ta rungume shi, ta yi doguwar magana a yarensu a hankali tana kallon Baba a ido. Sannan ta shiga ta rufe ƙofa.

“Amarya, me ta ce?”

“Ba na jin yarensu, Baba.”

“Amma kin ga fuskarta.”

“Na gani.”

“To ai ga famfo a cikin gidanta. Ta buɗe ta cika mana. Taimakonta na yi.”

Da maigidana ya dawo daga makaranta ya ji, ransa ya ɓaci. Ban taɓa jin ya yi wa mahaifinsa magana da irin wannan murya ba. “Baba, nan ba gida ba ne. Ba ka da hurumi a kan kayan mutane. Mu ma baƙi ne, da biza muke zaune.”

Baba ya ce, “Shi sauron da biza yake zaune?”

Maigidana ya tashi ya bar falon.

Bayan la'asar 'yar Nani ta hawo, ko kayan kasuwa ba ta cire ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce da ni da Malayanci, “Kak, ina so ki gaya wa Atuk magana, kada ki rage komai.” Kak yaya ke nan, Atuk kuma kaka namiji. Baba ya ce ta shigo ta zauna.

Ta ce bayan sun gudo daga ƙasarsu sun yi shekaru a sansani a Bangaladash, a kan tuddai, cikin bukkokin gora da leda. Famfo yana zuwa na ɗan lokaci da safe, na ɗan lokaci da yamma, wata rana ba ya zuwa. Ranar da bai zo ba mutane sukan sha abin da suka samu. A damunar farko amai da gudawa suka shiga layinsu. Mahaifinta ya kwanta da safe, bai ga wata safiyar ba. Tun daga ranar uwarta ba ta sake barin mazubi ko ɗaya a gidanta babu ruwa ba. “Ta san akwai famfo,” in ji ta. “A can ma akwai famfo.”

Na fassara. Na ɗauka Baba zai ba da haƙuri. Sai ya gyara zama ya ce, “Tambaye ta, shaddojin suna ina, rijiyoyin suna ina? Wanne ne a sama, wanne ne a ƙasa?”

Kunya ta kama ni. Mace tana ba ka labarin mutuwar ubanta kana tambayar shadda. Amma na tambaya. Ta dube shi da mamaki, ta ce shaddojin suna kan tudu, rijiyoyin burtsatse suna gangare. Baba ya rufe ido. “Shi ke nan,” ya ce. “Ruwan sama ɗaya ya isa. Allah Ya jiƙansa.”

'Yar ta ce saura ɗaya. Tulun nan mai siririn wuya na sha ne. Uwarta takan tafasa ruwan ta zuba, ta toshe bakin, ba a tsoma masa kofi, ba a tsoma masa hannu. Ko akwai tsutsa a cikinsa?

Na fassara wa Baba. “Ban duba ba,” ya ce. “Gaya mata haka. Na ga a bokiti uku, na zubar da duka. Haka aka koya mana, haka na yi shekara da shekaru. Ban duba ba.”

Washegari ya sa na sauko masa da kujera 'yar tsugunno, ya zauna a bakin ƙofarsu. Bokitan duk an sake cika su, a buɗe kamar da. Ya yi sallama, ba a amsa ba. Ya zauna yana jan carbi har rana ta cim masa. Da yamma, da 'yar ta dawo, ya sake saukowa. Wannan karon aka buɗe. Ya ce a gaya mata ya yi kuskure, yana neman afuwa. Sannan ya ce yana so ta koya masa yadda suka yi a sansanin, don shi bai taɓa ganin gari mai yawan mutane haka a kan tudu babu kwata ba, kuma yana so ya san yadda wanda ya rayu ya rayu.

Magana takan tashi daga Baba da Hausa, ta biyo ta kaina ta zama Malayanci, ta bi ta kan 'yar ta zama yarensu, sannan ta dawo ta wannan hanyar. In an yi abin dariya, kafin ya zagayo ya huce. Duk da haka Nani ta buɗe baki, kuma na ga ashe malama ce. Ta nuna mana yadda ake jefa farar ƙwayar tsabtace ruwa a tulu, a jira, kada a yi gaggawar sha. Ta nuna yadda ake karkata tulu a zuba, ba a ɗiba. Ta nuna sabulu a cikin ragar albasa, ɗaure a jikin jarka, don kada ya faɗi ƙasa, kada kuma ya bi wani gida. Mai gudawa, kofinsa daban, kuma mai jinyarsa ba ya taɓa tukunya. Ta ce lokacin da mashaƙo ya shiga yara, maza suna ta cewa allurar rigakafi makirci ce, ita ta ja jikokinta zuwa layi, ta ce in makirci ne ta ga makircin da ya fi wannan, kuma tana raye.

Baba yana ta cewa, “To, sai kuma me? Tambaye ta, in ƙwayar ta ƙare fa?” Fuskarsa kamar ta ɗalibi.

Ita ma ba ta ƙyale shi ba. Ta ce a gaya wa tsohon nan tana ganinsa in ya dawo daga masallaci. Ya gaisa da mutum ashirin, sannan ya sa hannu a aljihu ya jefa dabino a baki. A layinsu na sansani da ta kore shi. Baba ya yi dariya har sai da tari ya sarƙe shi. “Ta kama ni,” ya ce.

Amma a kan bokitai ba ta motsa ba. Ta ce waɗannan 'yan abubuwan masu wutsil-wutsil ta san su tun tana yarinya, ba su taɓa kashe kowa ba. Abin da yake kisa ba a ganinsa. Kwana biyu ko uku suka rage ma'aikatan lafiya su zo, 'yar tana kallona, ni ina kallon Baba.

Sai ya zaro wata kwalba daga aljihu. Ashe kafin ya zubar da ruwan ranar nan sai da ya ɗebi kaɗan daga bokitinta da tsutsotsin, don duba-gari ba ya zubarwa sai ya riƙe shaida. Ya ɗaure bakin kwalbar da ƙyallen gidan sauro. Ya ce kada ta yarda da maganarsa, shi da ya riga ya yi mata ɓarna. Ta ajiye kwalbar a inda za ta riƙa gani, ta buɗe ido kawai.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, na ji ana buga ƙofa. Nani ce, karo na farko da ta hau benenmu. Ta miƙa wa Baba kwalbar. Sauro huɗu suna manne a jikin ƙyallen, ƙafafunsu da zanen fari. Ta yi magana, babu 'yarta balle a fassara. Ta nuna ƙasa, ta girgiza kai da ƙarfi, ta yi alamar zubarwa, ta sake girgiza kai.

“Cewa take ba za ta zubar ba,” na ce.

“Na ji ta. Kada ta zubar. Wa ya ce ta zubar? Ɗauko mini tsohon zaninki, Amarya.”

Ranar muka wuni a ƙofarsu. Aka tace ruwan aka yi wanki da shi. Muka goge cikin kowane bokiti da soso, don Baba ya ce ƙwan yana manne a jiki, zubar da ruwa kaɗai ba ya fitar da shi. Aka sake cikawa, aka yayyaga zanina aka ɗaure bakin kowanne tam. Nani ce ta kawo tsarin jeri: a riƙa amfani da na farko, a wanke shi, a cika, a mai da shi ƙarshe, kada wani ya daɗe. Ta ce haka suke yi da tuluna a sansani. Baba ya ce da ya san wannan tun yana aiki, da randuna da yawa sun tsira.

Ma'aikatan suka zo washegari, mace ɗaya da maza biyu, da tocila da 'yan kwalabe. Mijin 'yar ya fita tun asuba bai dawo ba. Baba ya sa farar riga da hula ya sauka ya tsaya a gefe, hannu a baya. Nani tana bakin ƙofa. Matar ta kwance bokitan ɗaya bayan ɗaya, tana haska tocila. Ta daɗe a kan robar fenti ta ƙarshe. Sannan ta miƙe ta ce da kyau, ta tambaya wa ya koya musu ɗaurewa haka. Na fara juyawa wajen Baba, sai Nani ta dafa ƙirjinta. Baba ya gyaɗa kai, ya ce, “Ita ce.” Ba a ciro takarda ba, ba a tambayi sunan kowa ba. Suka wuce ƙofa ta gaba.

Da suka hawo gidanmu ban damu ba ko kaɗan. Gidan duba-gari ne. Matar ta duba banɗaki, ta duba baranda, sannan ta sa aka ja firji. A bayansa, can ƙasa, akwai wani ɗan faranti da yake tare ruwan da ke ɗiga. Ban taɓa sanin yana nan ba. Ta haska, sai ga su suna wutsil-wutsil.

Aka rubuta takarda da sunan maigidana. Ina jiran Baba ya ji kunya, sai na ga ya ari tocilar matar, ya durƙusa da ƙyar yana leƙe. “Ikon Allah. A bayan firji. Amarya, tambaye ta, kowane firji yana da wannan?” Ta ce kowanne. Ya ce to a gaya wa mutanen gida, don a zamaninsa gidajen da yake shiga ba su da firji, kuma ya tabbata har yau babu mai ja ya duba.

Labari ya sauka ƙasa kafin ma'aikatan su bar benen. Ranar na fara jin dariyar Nani, ta cikin tagar kicin. Da yamma ta aiko 'yarta da sabulu a cikin ragar albasa, ta ce a ɗaura wa Atuk a bakin ƙofa, kuma a gaya masa in yana buƙatar mai duba masa gida, tana nan.

Bai fi wata guda ba bayan haka jikinsa ya tashi. A asibiti, ana gobe zai rasu, na kai masa kunu bai sha ba. Ya kira ni kusa. Na ɗauka wasiyya ce, na nutsu.

“Akwai abin da na manta ban tambayi tsohuwar nan ba,” ya ce. “In sabulu ya ƙare a sansanin, da me suke wanke hannu? Ina da zato. Amma kada ki gaya mata zatona, kada ki sa mata magana a baki. Ki tambaya kawai, ki zo mini da abin da ta ce.”

Na ce to, Baba. Na dawo gida a gajiye, ga yara, na ce sai da safe. Da safe aka kira mu.

Sai bayan addu'ar bakwai na iya sauka. Na samu Nani da 'yarta suna ɗaure bakin bokiti. Na ce Atuk ya bar tambaya. Da aka fassara mata ta saki igiyar, ta dube ni, ta faɗi kalma ɗaya. 'Yar ta ce, “Toka. Tokar murhu.”

Toka. Da ita kakata take wanke mana hannu a ƙauye. Na san shi ne zaton Baba, na kuma san yadda zai yi in ya ji, zai buga cinya ya ce a tambaye ta tokar wane itace. Na hau bene da amsar a bakina, na tsaya a ƙofar ɗakinsa, sannan na wuce kicin.

Allah Ya gafarta masa abin da ya fasa da abin da ya zubar, Ya karɓi abin da ya tsare. Ya yalwata masa kabarinsa a wannan ƙasa ta baƙunci, Ya jiƙan mijin Nani a nasa tudun, Ya ba waɗanda suke jira mafita. Mu kuma Ya kyautata namu zuwan.